Ilimin Masunta: Lafiyar Kifi Daga Tudu Take Farawa

In aka ambaci Daura, ba kifi ne ke fara faɗo wa mutum a rai ba. Rijiyar Kusugu ce, da tarihin Daurama da Bayajidda, da hawan Sallar Gani, da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Ƙasa ce ta jigawa, damina wata uku ce zuwa huɗu, kuma kafin hunturu ya kankama yawancin ƙoramu sun koma yashi. Duk da haka ana cin ɗanyen kifi a ƙasar Daura, ana kuma cin na banda. Wani daga nesa ake kawo shi, wani daga gidajen kiwo, amma akwai wanda ke fitowa nan gida, daga madatsun ruwa irin su Daberam da ke tsakanin Daura da Dutsi, da Sabke ta wajen Mai'aduwa, da tafkunan da damina ke bari a baya.

Masu fito da wannan kifi suna riƙe da wani ilimi da ba a ba shi takardar shaida. Mai kallo daga gaɓa yakan ɗauka cewa gwanintar masunci a jifan birgi take. Jifan kam gwaninta ne, amma ƙaramin ɓangare ne na sana'ar. Babban ɓangaren shi ne karanta ruwa: sanin abin da ke cikinsa, da abin da ya shigo masa, da inda abin ya fito. Wannan karatu ne ya sa masu kamun kifi a ƙasashen da haƙar kwal ta kashe wa koguna suka zama kan gaba wajen gyara su, kuma shi ne dalilin da ya sa bai kamata a yi zancen gyaran ƙasa da ruwa a masarautar Daura babu masunci a zaune ba.

Jifan birgi

A fara da abin da ido ke gani. Birgi raga ne mai da'ira, an jera masa dalma a baki, da doguwar igiya a tsakiya. Masunci yakan ɗaure igiyar a wuyan hannunsa, ya naɗe ragowar a tafi, ya tattaro ragar ninki-ninki, ya ɗora wani sashe a kafaɗa ko a gwiwar hannu, ya riƙe wani da yatsu. Sai ya tsaya cik. Ƙarfin jifan ba daga damtse yake fitowa ba, daga ƙugu ne: ya murɗa jiki baya, ya dawo da shi gaba, ya saki ninkin bi da bi, ba gaba ɗaya ba. In saki ya yi daidai, birgin zai buɗe sosai a sama, dalmar ta taɓa ruwa kusan lokaci guda. In ya yi gaggawa ko ya makara, sai ragar ta faɗi a dunƙule, kifi ya watse, wurin kuma ya ɓaci na wani lokaci.

Bayan jifa akwai jira. Sabon shiga yakan ja igiya nan take. Gwani yana barin dalma ta kai ƙasa, sannan ya riƙa ja a hankali, don bakin ragar ya taho yana haɗewa a kan laka ba tare da ya ɗaga ba. Ta igiyar nan yake jin labarin ƙasan ruwa: yashi ne, taɓo ne, ko kututturen da ruwa ya shanye ne ke shirin yaga masa kaya. Yakan ma san irin kifin da ya rufe tun bai gan shi ba, domin fizgar karfasa dabam take da turjiyar tarwaɗa. Ga kuma daidaita jiki a cikin kwale-kwale, ko a kan babban gora da masuntan ƙasar Hausa ke kifa ciki a kai suna tuƙi da hannu da ƙafa, suna jefa abin da suka kama ta bakin goran.

Kowane kaya da muhallinsa. Kalli ana shimfiɗa shi da yamma a duba da asuba. Mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, na kifin da ke kiwo a ƙasan ruwa ne. Taru aikin taro ne, ana jan sa zuwa gaɓa. Koma ta ruwa marar zurfi ce. Fatsa kuwa ta mai haƙuri ce, yaro da babba. Zaɓen wanda za a ɗauka yau shi ne matakin farko na karatun ruwa.

Karatun ruwa

Masunci yana fara aiki tun kafin ƙafarsa ta jiƙe. Yana duban launi. Ruwa mai ɗan kore-kore yana da abinci, karfasa za ta yi ƙiba a cikinsa. In koren ya yi kauri har ya yi yana a sama, to taki ko ƙazanta ta yi yawa, kuma hatsari na tafe. Ja ko ruwan ƙasa alamar sabon ruwa ne da ya kwaso ƙasar gonaki. Yana duban iska, domin gaɓar da iska ke bugawa can take tara abinci, ƙananan kifi su bi abinci, manya su bi ƙanana. Yana duban inda zalɓe ya tsaya. Yana sauraron tsalle, yana lura da kumfar da tarwaɗa ke saki in ta leƙo shan iska.

Akwai alamar da ba ya wasa da ita. In da asuba ya tarar da karfasa sun taso sama suna buɗe baki, ya san ruwan ya shaƙe. Masana kimiyya sun bayyana dalili: ƙananan tsirran ruwa suna samar da iskar shaƙa da rana, da dare kuma su da kifin da ruɓaɓɓen ciyayi duk suna zuƙe ta, don haka gab da fitowar rana ne take yin ƙaranci. Masunci bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san sa'ar, ya san kuma irin ranakun da abin ke tsananta, wato lokacin zafin bazara da ruwa ya ja baya, ko bayan ruwan farko ya wanko dattin rani.

Ya kuma san kalandar kifi. Da sanyin hunturu kifi yana sauka ƙasa, ya rage ci. Namijin karfasa yana haƙa ɗan gurbi a yashin da ba zurfi, macen ta kwashe ƙwan a bakinta ta yi ta reno har su ƙyanƙyashe, shi ya sa dattijon masunci in ya kama mai ƙwai a baki yakan mayar da ita. Tarwaɗa kuwa jiran ambaliya take yi. Da zarar ruwa ya hau kan ciyawar gaɓa, sai ta bi shi da dare ta zuba ƙwai, ƙwan ya manne a jikin ciyawa, 'ya'yan su ɓuya a ciki har su yi ƙwari. Gaiwa ta fi su duka dabara: in tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana jiran damina.

Duk wanda ya san wannan ya san cewa ciyawar bakin ruwa ba banza ba ce, ɗakin haihuwa ne. Shi ya sa sana'ar ta zo da dokokinta. Ana auna idon raga da yatsu, kuma za ka ji uba yana ce wa ɗansa: "Kai yaro, wannan mai yatsa ɗaya ne, ajiye shi. In ka kwashe 'ya'yan bana, me za ka kama baɗi?" Akwai Sarkin Ruwa, mai ikon rufe ruwa da buɗe shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo sifarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, a kan wannan ƙa'ida ya ginu: ana hana su a kogin Matan Fada tsawon shekara, shi ya sa ake fito da giwan ruwa ranar da aka buɗe. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa da gwamnatin tarayya ta kafa a 1992, wadda ta haramta zuba guba da jefa nakiya a ruwa ta kuma ƙayyade idon raga, ta tarar da masunta na gari sun riga ta.

Inda kwal ya kashe koguna

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Babu inda maganar ta fi tabbata irin yankunan da aka daɗe ana haƙar kwal. A cikin duwatsun da ke tare da kwal akwai wani ma'adini mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, lafiya lau. Da zarar an haƙe shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya fara fitar da ruwa mai tsami irin na batirin mota, mai narkar da ƙarfe da sanholo daga jikin dutse. Ruwan ya cika ramukan da aka bari, ya ɓullo ta gindin tsauni, ya gangara rafi. Ƙarfen ya kwanta a ƙasan rafin ya yi masa jan shafe, sanholon ya toshe wa kifi mashaƙa. Kamfani zai rufe ya tafi, amma ramin zai ci gaba da zubar da gubarsa shekaru aru-aru.

A jihar Pennsylvania ta Amurka kaɗai, fiye da kilomita 8,000 na rafuka da koguna ne wannan ruwa ya lalata. Wani rafin za ka gan shi garau, har ana hango ƙasansa, alhali babu mai rai a ciki. Baƙo zai yaba da tsabtarsa. Mai fatsa kuwa zai sunkuya ya juya dutse. In ya ga 'ya'yan ƙwari maƙale a ƙarƙashi, rafin na da rai, domin su ne abincin kifi, kuma su ne ke fara mutuwa in ruwa ya ɓaci. In dutsen fayau yake, ko ya yi jan santsi, sai ya bi rafin sama, reshe bayan reshe, har ya iske inda mugun ruwan ke shigowa. Karatu iri ɗaya ne da na masuncin Daberam, ruwan ne kawai ya bambanta.

Masu fatsa 16 ne suka kafa ƙungiyar Trout Unlimited a 1959 a bakin kogin Au Sable na jihar Michigan, da nufin kare ruwan da kifin trout ke rayuwa a ciki. A 1977 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ɗora haraji a kan kowane tan na kwal, ana tara kuɗin don gyara ramukan da aka yi watsi da su, kuma a 2021 majalisar ƙasar ta ƙara wa asusun dala biliyan 11.3. Amma kuɗi ba ya zuwa rafi da ƙafarsa. Sai da masu fatsa suka haɗa kai da mutanen ƙauyuka, da masu filaye, da jami'o'i, da hukumomin jiha. Daga 1998 ƙungiyar Trout Unlimited ta duƙufa a yankin Kettle Creek, reshen kogin Susquehanna, tare da ƙungiyar mazauna wurin.

Maganin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana karkatar da mugun ruwan ya ratsa ta cikin tarin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina da Ashaka, dutsen ya kashe tsamin, kamar yadda uwargida ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Daga nan ruwan ya huta a tafkunan da aka haƙa don ƙarfen ya kwanta, ya bi ta cikin fadamar da aka shuka wa ciyayi, sannan ya koma rafi. Wuyar tana wajen kulawa: wa zai riƙa zuwa yana ɗibar ruwa ana aunawa, ya lura in bututu ya toshe, ya kai rahoto in launi ya sauya? Ma'aikaci yana zuwa ranar aiki. Mai fatsa yana zuwa ko ba a aike shi ba. Da wannan naci ne kifi ya dawo yana hayayyafa a rassan da aka daɗe da fid da rai a kansu.

Haka labarin yake a Birtaniya. Kogin Taff da ya ratsa Cardiff a yankin Wales ya taɓa yin baƙi ƙirin saboda ƙurar kwal, yau kuwa kifin salmon yana hawansa. Tun 2007 akwai wani shiri na ƙasa baki ɗaya da ake koya wa masu fatsa su riƙa tankaɗe ƙasan rafi da ƙafa na minti uku a kowane wata, su ƙirga ƙwarin da suka faɗa raga, in adadin ya faɗi su sanar da hukuma. Abin da masunci ke yi da ido aka mayar rubutacce.

Dalilin da ya sa masu fatsa ke goyon bayan wannan gyara a fili yake. Sun gane cewa zuba sabon irin kifi a mataccen ruwa asarar kuɗi ce. Sun gane cewa ciwon yana ɓullowa ne a filin wani, can sama, inda ba su da iko, don haka dole a zauna da mai filin. Kuma su ne ke fara ganin riba in an gyara.

Mu ma ba baƙin kwal ba ne. An gano shi a Udi a 1909, a 1916 jirgin ƙasa ya fara jigilarsa daga Inugu zuwa Fatakwal, kuma har yau ruwan tsofaffin ramukan Onyeama yana tsiyaya cikin kogin Ekulu. Ana haƙar sa a Maiganga ta jihar Gwambe, ana haƙar sa a Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas ta Nijar.

Ciwon ruwan Daura

A ƙasar Daura ba a haƙar kwal, amma hanyar ciwon ɗaya ce: abin da aka yi wa tudu, ruwa ne ke biya. A nan gubar ita ce yashi. In aka sare itatuwa, aka kwashe kara da harawa kaf, aka bar gona tsirara, ruwan farko mai ƙarfi zai kwashi ƙasar sama ya zuba a ƙorama, ƙorama ta kai dam. Masu tifa da ke ɗibar yashi a gaɓar ƙorama suna karya mata baki, kwazazzabo ya buɗe ya yi ta cin gona. Noman rani har cikin bakin ruwa yana kawar da ciyawar da tarwaɗa ke haihuwa a ciki, ragowar taki da maganin feshi kuma su gangara. Dam da ya cike ya baje ba zurfi, rana ta fi saurin shanye shi, ga shi a wannan yanki zafi da iska kan ɗauke abin da ya kai kusan mita biyu na ruwa a shekara.

Kafin injiniya ya zo da na'urar awo, masunci ya riga ya sani. Sandar da yake tura kwale-kwale da ita ita ce ma'auninsa: inda da ba ta taɓa ƙasa, yanzu tana kafewa a laka. Ya san gurbin da ragon ruwa ke kwanciya ya shafe. Ya san wace ƙorama ce ke kawo jan ruwa, wacce ke kawo mai ɗan haske, kuma in ka bi bayaninsa za ka tarar ta farkon ta ratso gonakin da ba itace.

Maƙwabta sun nuna abin da ke yiwuwa, mai daɗi da marar daɗi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kamun kifi da noma suka ja baya. Masunta da manoma ne suka riƙa fita aikin gayya da lauje da adda suna buɗe magudanai, kuma a 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogin baki ɗaya. A tsallaken iyaka kuma, manoman Maraɗi sun rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi. Yau ana ƙiyasta kadada miliyan biyar da suka farfaɗo a Nijar, kuma gonakin Magarya da Matamaye, maƙwabtan Daura na kusa, cike suke da gawo. Kowane gawo da ya tsaya a gona, yashi ne da bai isa ruwa ba.

Dama kuma ta samu. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da kadada miliyan ɗaya, kuma tsarinsa ya ginu ne a kan bin magudanar ruwa daga tudu zuwa kwari. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da sashen nazarin kifi. Ga masarauta mai hakimai da dagatai da masu unguwanni da ake jin maganarsu a Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan hannuwa, a kuma sa masunci a tsakiya, ba a gefen rumfa ranar ƙaddamarwa ba. Shi zai nuna ƙoramar da za a fara yi wa shingen duwatsu da dashen ciyawa. Shi zai faɗi faɗin gaɓar da ya kamata a bari ba noma. Shi zai iya riƙe littafi yana rubuta zurfin ruwa da launinsa da irin kifin da ya fito kowane mako, ɗaliban jami'a su zo su ɗora nasu awon a kai. Su ma masunta akwai nasu nauyin: su hana junansu su da gidan sauro, su tona asirin mai zuba guba, su girmama rufe ruwa lokacin haihuwar kifi, domin wanda ke neman manomi ya bar masa gaɓa sai ya fara nuna nasa adalcin.

Don haka kira ga masu tsara ayyukan gyaran ƙasa a jihar Katsina, da iyayen ƙasa na masarautar Daura: duk kwamitin da za a kafa a kan Daberam ko Sabke, a ba Sarkin Ruwa da mutanensa kujera, a tambaye su kafin a zana taswira, a kuma saurari amsarsu.